DA ƊAN GARI AKAN CI GARI: A JE KALLON DUWATSUN SINDU, AMMA A BIYA ƊAN JAGORA HAƘƘINSA

Kwanakin baya muna zaune a majalisarmu ta bayan la'asar a nan Zogona, ana shan shayi, sai wani ƙanena ɗan kasuwa ya ce yana so ya kai iyalinsa Banfora su yi kwana biyu, su ga duwatsun Sindu da ake ta ba da labarinsu. Kafin ya rufe baki sai dattijon majalisar ya ce masa, "Kai yaro, dutse kuma? Ka rasa abin da za ka yi da kuɗinka sai kallon dutse?" Aka bushe da dariya. Wani kuma daga gefe ya ce, "In ma za ka je, kada ka yarda wani ya ce zai yi maka jagora. Duk 'yan neman na goro ne. Dutse ai ba ya ɓuya." Maganar Baba ban ji zafinta ba, domin haka muka taso muka tarar. Maganar ta biyu ita ce ta tsaya mini a rai, ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: wanda Allah ya hore wa hali, kuma hanya ta yi kyau, ya kamata ya je ya ga wuraren nan. In ya je kuma, ya ɗauki ɗan jagora daga mutanen wurin, nasa shi kaɗai da iyalinsa na yini guda, ya biya shi ba tare da ƙwauro ba. Zan kawo dalilaina, sannan in amsa wa masu suka, don na san suna da abin faɗi.

Mu mutanen Wagadugu a shimfiɗe muke zaune. Yaron da aka haifa a Zogona yana iya girma ya yi aure bai taɓa hawa abin da ya fi bene tsawo ba. Amma in ka kama hanyar Bobo, kimanin kilomita 360, ka ƙara wajen 85 zuwa Banfora, sai ka ga ƙasar ta sake kama. Kafin ka isa garin hanya za ta gangaro da kai daga kan tudu, ka hango gonakin rake kore shar iyakar ganinka, ga giginya ko'ina. Yamma da Banfora da kimanin kilomita 50, cikin lardin Leraba, nan Sindu take, ƙasar Sanufo. A bakin garin ne duwatsun suke jere, dogaye sirara, wani kamar hasumiya, wani kamar raƙumi a durƙushe, wani kamar tsohuwa ɗauke da tulu. Masana sun ce dutsen yashi ne, wato yashin da ya dunƙule ya daskare tun zamanin da ba a iya ƙirgawa, ruwan sama da iska suka yi ta sassaƙarsa. Kusa da Banfora kuma akwai duwatsun Fabedugu masu kama da rumbuna, da Karfigela inda kogin Komowe yake zubowa daga kan dutse, da tafkin Tengirela mai dorinai. Can gaba wajen iyakar Mali akwai Tenakuru, wanda ya fi kowane wuri tsawo a Barkina Faso, kaɗan ya rage ya kai mita 750.

Da yawa daga cikinmu sun bi ta Banfora fiye da a ƙirga. Masu kai shanu da tumaki Abijan sun bi ta nan, masu sayo goro sun bi ta nan, ko a mota ko a jirgin ƙasa. Amma tambayi mutum goma, da wuya ka sami biyu da suka taɓa ratsewa suka duba. Bature ya taso daga Faransa ya biya kuɗin jirgin sama don ya gani, mu kuwa da ke wucewa ta bakin ƙofa ba mu ɗaga kai.

Ni kaina sau biyu na je, tun hanya ba ta lalace ba. Zuwan farko da wayona na je. Da muka sauka a Sindu wasu samari suka taso suka ce za su raka mu, na kore su, na ce wa abokin tafiyata ai da idonmu. Muka shiga tsakanin duwatsu, muka yi ta zagaye. Ba a jima ba kowane dutse ya koma kamar ɗan'uwansa, muka rasa ta inda muka shigo. Muna cikin haka muka faɗa wani lungu, sai ga wata tsohuwa mai ɗiban itace tana ɗaga mana hannu tana faɗa da harshen da ba mu ji. Daga baya muka gane wuri ne da mutanen garin ba su yarda baƙo ya taka ba. Muka fito da kunya, ga ƙishirwa, ga gajiya. Da aka tambaye ni a gida me na gani, sai na ce duwatsu. Iyakar abin da na iya faɗi ke nan, domin iyakar abin da na gani ke nan.

Zuwa na biyu da iyali na je, kuma na ɗauki ɗan jagora, wanda a can suke kira gid. Muka yi ciniki tun da dare a Banfora cewa yinin gobe namu ne mu kaɗai. Da asuba ya fara kai mu Tengirela, ya ce dorina da sanyin safiya ake ganinta, in rana ta take sai ta nutse. Mai kwalekwale ya tura mu, muka ga kawunansu daga nesa, yara suna ta murna, uwarsu tana ta salati. Da hantsi muka isa Sindu. Duwatsun da na zagaya a wancan karo su ne dai, amma yanzu kowane da sunansa da labarinsa. Ya nuna mana inda mutanen da suke fakewa lokacin yaƙe-yaƙen ƙarshen ƙarni na 19, zamanin sarakunan Sikaso da Samori. Ya nuna mana itatuwa yana faɗin maganin da ake yi da kowane, wasu na san su da sunan Hausa, muka yi ta musayar sunaye. Da muka zo daidai lungun nan da na taɓa shiga, ya tsaya ya ce daga nan ba a wucewa, ya bi da mu ta wata hanya. Da azahar ya samo mana ruwan alwala da inuwa. Da yamma muka koma ta Fabedugu, muka ƙarasa Karfigela ta ƙarƙashin manyan itatuwan mangwaro, yara suka yi wanka a inda ya ce ba santsi. Abin da ya nema a wurina bai kai kuɗin man da mota ta sha a ranar ba.

To, jama'a, me na saya da kuɗin nan? Ilimin mutum na saya, wanda ya tara tun yana yaro yana bin duwatsun nan. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu fatake da suka riƙa ratsa ƙasar Gurma da ta Mosi zuwa Gwanja neman goro ba su tashi sai da madugu, kuma madugu ba ya tafiya sai da jagaba a gaba, wanda ya san mashigin kogi da zangon da ake kwana lafiya. Makiyayi ya fi kowa sanin wannan. Kafin garke ya tashi mashekari sai garso ya je ya dubo ciyawa da ruwa, ya dawo ya ce a bi nan, kada a bi can. Wa ya taɓa kiran garso ɗan neman na goro? Wa ya taɓa cewa ciyawa ba ta ɓuya, don haka a tura shanu su nemo da kansu? In mun yarda sanin daji ilimi ne a hannun garso, to sanin dutse ma ilimi ne a hannun yaron Sindu.

Sauran duniya sun daɗe da gane haka. A garin Shamoni na ƙasar Faransa, gindin dutsen Mon Bulan, 'yan jagora sun kafa ƙungiyarsu tun 1821, kuma tana nan har yau. A 1953 da aka fara kai wa ƙololuwar Ebares, dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya, Edmund Hillary bai hau shi kaɗai ba, tare suka taka da Tenzing Norgay, ɗan ƙabilar Sherpa mazauna duwatsun. A Tanzaniya doka ce, ba a hawan Kilimanjaro sai da ɗan jagora mai takarda. Kusa da mu kuma, waɗanda suka san Agadas a da sun san yadda Buzaye suka riƙa ci da iyalinsu ta hanyar kai baƙi duwatsun Abzin, su Timiya da Iferwan. Haka Dogon suka yi a Bandiyagara ta Mali.

Wani zai ce, to me ya sa sai naka kai kaɗai? Ba a haɗa mutane ashirin a mota ɗaya kuɗi ya yi sauƙi ba? Ana yi, kuma ban ce haramun ba ne. Amma na ga irin wannan ayari a Karfigela. An sauke su, an ce minti talatin, mai jagora yana gaba yana magana da Faransanci, na baya ba su ji, kafin tsofaffi su ƙaraso an ce a koma mota. Wanda ya ɗauki nasa shi ke da yininsa. In Hajiya ta gaji a zauna. In lokacin salla ya yi a tsaya. In yaro ya yi tambaya a amsa masa, in bai gane ba a maimaita. Mace mai kunyar magana cikin taron maza za ta iya tambayar abin da take so. Sannan ga babban dalili: kuɗinka hannun mai aikin yake shiga. Na san wani kamfanin yawon buɗe ido a nan birni da yake karɓar kuɗi mai kauri daga hannun baƙi, in an isa can sai a miƙa wa yaron da ya yi ta hawa da sauka abin da bai kai na cefanen yini ba. Wanda ya je da kansa ya yi ciniki baki da baki ya toshe wannan ƙofa.

Yanzu bari in juyo ga masu suka. Na farko su ne masu cewa almubazzaranci ne, ana fama da tsadar hatsi da ta dusa wa zai je kallon dutse. Gaskiya ne, wanda bai da na tuwon dare ba da shi nake ba. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, nawa muke kashewa a anko da kiɗan biki na dare ɗaya? Nawa ke tafiya a sauya wayar hannu wadda ba ta lalace ba? Yaron da ya ga inda kogi ke zubowa daga dutse, ya ga yadda ake noman rake da saƙar kaba, ya ji cewa akwai mutane masu wani harshe da wata al'ada cikin ƙasarsa, ya ƙaru da abin da ba zai manta ba. Tafiya mabuɗin ilimi, mu muka faɗa da bakinmu.

Na biyu su ne masu cewa wuraren tsafi ne, bai kamata Musulmi ya kusance su ba. Ai wannan ma dalili ne na ɗaukar ɗan jagora. Ni da na tafi ba jagora ni ne na faɗa inda bai kamata ba. Da na ɗauki ɗan gari shi ya kauce da ni. Ba wanda ya ce in yi yanka ko in durƙusa wa wani abu. Na kalli halittar Allah, na bar wa masu wuri al'adarsu, muka rabu da mutunci.

Na uku, kuma su ne masu hujja mafi nauyi, masu cewa hanya ba lafiya. Wannan ba abin musu ba ne. Tun harin da aka kai kan titin Kwame Nkrumah a nan Wagadugu cikin Janairun 2016, inda mutum 30 suka rasu, Turawa suka fara ja da baya. Annobar korona ta 2020 ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Abin tausayi, hanyar Banfora zuwa Sindu ba ta daɗe da samun kwalta ba, a wajen 2014 aka gama ta da tallafin Amurka, sai ga shi baƙin da aka sa rai za su bi ta sun ɗauke ƙafa. Ba zan ce wa kowa ya jefa iyalinsa cikin haɗari don kallo ba. Kafin ka tashi ka tambayi direbobin tasha, ka tambayi 'yan'uwa mazauna Banfora, ka ji abin da hukuma ta ce. In an ce a dakata, ka dakata, dutse ba ya gudu. Kada ka yi tafiyar dare, kuma kada ka matsa wa ɗan jagora ya kai ka inda ya ce ba a zuwa.

Amma ku lura da wani abu. A irin wannan zamani da kowa ke zargin kowa, baƙon da aka gani shi kaɗai yana zagaya duwatsu yana ɗaukar hoto, me za a ɗauke shi? Balle in ya zo da rawani da sanda, ko kamanninsa sun nuna ɗan rugga ne. Masu karatun wannan shafi ba sai na yi musu dogon bayani ba, sun san abin da zargi ya jawo wa bayin Allah da yawa. Ɗan jagoran da garin ya sani shi ne shaidarka. Shi zai kai ka ka gai da mai gari, shi zai yi magana a shingen jami'an tsaro, shi zai ce wannan baƙona ne. Baƙo ko da ido makaho ne, a yau kuwa har bebe ne in ba shi da mai yi masa magana.

Kuma mu tuna su ma 'yan jagoran nan da ransu suke aiki. Ranar 1 ga Mayu 2019 'yan bindiga suka sace Faransawa biyu a gandun dajin Panjari da ke arewacin Binin, dab da iyakarmu. Bayan kwanaki sojan Faransa suka kuɓutar da su a arewacin Barkina, sojoji biyu suka mutu a wurin. Ɗan jagoransu kuwa, Fiacre Gbédji, tun farko aka kashe shi, gawarsa aka tsinta a daji. Mutumin da ke shiga gabanka a hanya, in wani abu ya taso shi zai fara gamuwa da shi. Irin wannan ne za ka tsaya kana ja-in-ja da shi a kan dala ashirin?

Abin da nake tsoro shi ne sana'ar ta mutu. Saurayin da ya shekara bai ga baƙo ba ba zai zauna yunwa ta kashe shi ba. Zai tafi ramin zinariya, ko gonakin koko a Kwaddebuwa, ko ya zo nan birni yana tura baro. In ya tafi, sunayen duwatsu da labarinsu da sanin itatuwan sun tafi tare da shi, ƙanensa ba zai koya ba tunda ya ga ba ta ciyar da kowa. Ran da lafiya ta dawo sai a tarar da dutse tsaye ba mai ba da labarinsa. Ƙasar nan tana da abin nunawa. Hukumar UNESCO ta sa kufan Loropeni cikin kayan tarihin duniya a 2009, ta sa gidan sarautar Tiyebele a 2024. Amma takardar UNESCO ba ta cika tukunya. In Bature bai zo ba, saura mu.

Su ma 'yan jagora ina da magana da su, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wasunsu sun saba da Bature har in sun ga baƙar fata sai su yi masa kallon wanda ba zai biya ba. Wasu kuma suna ƙara gishiri a labari don baƙo ya ji daɗi. Su daina. Su tsayar da kuɗi ɗaya sananne, a rubuta a allo kowa ya gani. Su nemi masu jin Hausa da Fulatanci da Mosanci a cikinsu, don ba kowane mai kuɗin zuwa ne ya yi lakwal ba. A nan ne nake ganin 'ya'yan makiyaya suna da rabo. Tun bayan farin 1973 da na 1984 rugage da yawa suka gangaro kudu maso yamma suka zauna. Yaran da suka tashi a can suna jin Julanci da Fulatanci, wasu har da Hausa, kuma sun san kowace hanya da kowane mashayi a gindin duwatsun. In an haɗa su da 'yan gari aka koya musu aikin, an sami abin yi, an kuma sami dalilin zama inuwa ɗaya tsakanin manomi da makiyayi.

Ga shawarata ga mai niyyar zuwa. Na ɗaya, kada ka ce daga Wagadugu za ka je ka dawo a yini guda. Ka kwana a Banfora, yinin kallo daga can yake farawa. Tenakuru kuwa yini ne na dabam, kada a haɗa. Na biyu, lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi daɗin hawa, amma mai son ganin Karfigela cike da ruwa ya je ƙarshen damina. Na uku, ku gama magana tun kafin a tashi: ina da ina za a je, nawa ne nasa, wa zai biya kuɗin shiga da na mai kwalekwale. Na huɗu, ku ɗauki ruwan sha isasshe da takalmin da ba ya santsi, da katin shaida na kowa. Na biyar, abin da kuka ci ku ci tare da shi, abokin tafiya ne. Na shida, kada ka ɗauki hoton mutum ko matarsa ko garkensa sai ka nemi izini. Mu da muke jin haushi in an tsaya a bakin rugga ana ɗaukar mu kamar namun daji, bai kamata mu yi wa wasu haka ba. Na bakwai, kada ka bar leda ko gwangwani a wurin, dabbobin mutane suna kiwo a nan, kuma kowa ya san abin da leda ke yi wa cikin saniya.

Ƙanen nan nawa ya ce zai jira bayan kaka, in 'yan'uwa na Banfora sun ce hanya ta yi kyau zai tafi. Na ce masa in ya tashi ya zo in kwatanta masa inda zai sami 'yan jagora a bakin duwatsun, kuma ya rage wa Baba wuri a mota, ko ya ga abin da yake yi wa dariya. Baba ya ce shi fa sai in an yarda zai riƙe butarsa da tabarmarsa. Muka ce an yarda.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya buɗe hanyoyi, ya kai matafiya gida lami lafiya. Wanda yake da wani ra'ayi dabam ya rubuto, shafin nan na kowa ne. Wassalam.

Daga wani mai karatu, Zogona, Wagadugu.